Ado a kwanon yaro: yadda launi da siffa ke buɗe bakin mai ƙin abinci

Zuwa ga iyaye mata da wakilan lafiya na garuruwa, waɗanda ake kira rele, a Gure, Gidigir, Bune, Kelle, Gamu da Alakos.

Ke uwa, kin san wannan hali. Kin dama kunu, kin ɗora yaro bisa cinya, shi kuwa ya dafe baki ya kau da kai. Da yawa daga cikinmu abin da muka gada shi ne ɗura: a danne yaro, a toshe masa hanci, a kwarara masa kunu. Ɗura tana da haɗari, domin kunun yana iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu, sannan tana sa yaro ya riƙa jin tsoron kwano. Wannan takarda tana nuna miki wata hanya wadda ba ta cin ko dala, wato ƙawata abincin da kike da shi har yaro ya miƙa hannu da kansa.

Sana'a ce da kuka riga kuka iya

Mai ƙuli-ƙuli tana murza shi zobe-zobe ko sanda-sanda. Mai fura tana mulmula dawo ta barbaɗe shi da gari. Mai alkaki tana nannaɗe shi domin garar amarya. Yara kuma suna gina shanu da raƙuma da yumɓu. A ƙasar Japan iyaye mata sun shahara da mulmula shinkafar ƴan makaranta da siffar fuska ko ta dabba, kuma hannun da ya iya mulmula dawo ba ya bukatar a koya masa wannan.

Wani zai ce abinci ba abin wasa ba ne, balle a watannin da rumbu ya yi ƙasa kafin kaka. Gaskiya ne, kuma babu wanda ya ce a yi almubazzaranci. Sai dai a duba: kunun da yaro ya ƙi, ya yini a kwano ya lalace, shi ne hasara. Wanda aka ƙawata ya cinye, ya shiga jiki.

Launi ma'auni ne

Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa zalla, ko ruwa ba a ƙarawa. Daga wata 6 a fara ƙarin abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun kasa abincin yaro rukuni 8: nonon uwa, hatsi da saiwoyi, wake da gujiya, madara da abin da ake yi da ita, nama, kifi da hanta, ƙwai, ganye da ƴaƴan itace masu bitamin A, sai sauran ganye da ƴaƴan itace. Ana so yaro mai wata 6 zuwa 23 ya samu aƙalla 5 daga cikinsu kowace rana. Riƙe wannan lissafi a ka yana da wuya, amma ido yana gane launi:

Fari: hatsi, dawa, shinkafa, nono, cuku.
Tsanwa: zogala, yakuwa, rama, kuka.
Ruwan ɗorawa da ruwan goro: kabewa, karoti, mangwaro, gwaiduwar ƙwai.
Ƙasa-ƙasa: wake, gujiya, hanta, garin busasshen kifi.

Idan kwanon yaronki fari ne fat tun safe har dare, cikinsa ya cika amma jikinsa bai samu abin gini ba. Ki nemi launi 3 ko 4 a yini, ki haɗa da nono.

Siffofi gwargwadon shekaru

Wata 6 zuwa 8: abinci sau 2 ko 3 a rana, a fara da babban cokali 2 ko 3 ana ƙarawa. Kunun ya yi kauri yadda ba zai zube daga cokali ba. Ki ɗiga dafaffiyar kabewa da aka murje a wuri biyu su zama idanu, ki ja layin garin zogala ya zama baki. Ga fuska tana yi masa murmushi.

Wata 9 zuwa 11: sau 3 ko 4, kimanin rabin kofi mai cin kwatan lita. Yanzu yatsunsa sun fara ɗauka. Ki yanka dafaffen karoti siriri, wanda ke murjewa tsakanin yatsu biyu, ki jera shi kewaye da gwaiduwar ƙwai, ki ce masa ga rana ta fito.

Wata 12 zuwa 23: sau 3 ko 4, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2. Ki mulmula tuwo mai laushi ya zama bayan kunkuru, murjajjen wake ya zama kai da ƙafafu, miyar kuka ta zama tabkin da yake iyo. Dabinon kwarurukanmu, idan aka jiƙa shi aka cire ƙwallon aka murje, ya isa a yi wa raƙumin tuwo tozo.

Ki ba shi kwanonsa shi kaɗai, domin ki ga abin da ya ci. Ki dube shi, ki faɗa masa sunan abin da ke gabansa da harshen gidanku, ki bar shi ya taɓa ko da zai ɓata jiki. In ya ƙi sabon abu yau, ki sake gwadawa bayan kwana biyu, domin wani yaron sai ya ga abu sau da yawa kafin ya karɓa.

Wasan ma gina jiki ne

Tamowa tana kashe wa yaro sha'awa, ya yi lakwas, ba ya dariya, ba ya neman abinci. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, daga 1986, an bi yara 129 da tamowa ta tauye wa tsawo. Wasunsu an riƙa ziyartar gidajensu kowane mako har shekara 2, ana koya wa uwayen wasa da hira da su. Bayan shekara 20, abin da waɗannan suke samu a sana'a ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin kiyayewa

Ki wanke hannunki da na yaro da sabulu kafin a taɓa abinci. Abin da aka ƙawata a ci shi nan take, kada ya wuce awa 2 a ajiye. Kada a yi ido ko hanci da ƙwayar gujiya, guntun ƙuli-ƙuli ko dabino mai ƙwallo, domin suna shaƙe ƙaramin yaro. A daka su tukuna. Ba a ba jariri zuma kafin ya cika shekara 1. Plumpy'Nut kuwa magani ne: ba a dama shi, ba a yin ado da shi, ba a raba wa ƴan'uwa.

Ado ba ya warkar da ciwo. Ki auna damtsen yaro da igiyar awo: ja yana nufin ƙasa da milimita 115, a kai shi gidan likita a ranar, ruwan ɗorawa, daga 115 zuwa ƙasa da 125, shi ma a kai shi a duba. Idan ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko ya ƙi nono da abinci gaba ɗaya, ko yana amai da duk abin da ya ci, kada a kwana.

Ku rele, a taron dafa abinci na gaba ku roƙi kowace uwa ta zo da abu ɗaya daga gidanta, ku bar su su yi siffofin da kansu, sannan ku ƙirga rukunan da ke cikin kowane kwano tare da su. Wadda ta yi kunkuru sau ɗaya da hannunta, za ta sake yi a gida.