Alkawarin Aure a Ranar Wuya

Babban cocin Katolika na Sakkwato, mazaunin Bishop Matthew Hassan Kukah tun 2011, sunan Iyali Mai Tsarki yake ɗauke da shi: Yusufu da Maryamu da jariri Yesu, waɗanda suka yi hijira zuwa Masar don tsira daga Sarki Hirudus. Iyalin da Kiristoci ke koyi da shi ma ya sha wuya.

A wurinmu Kiristoci, aure alkawari ne, Allah ne shaidarsa, kamar yadda Annabi Malakai ya koyar. Annabi Yusha'u kuwa, matarsa Gomer ta ci amanarsa, Allah ya umarce shi ya dawo da ita, domin Isra'ila ta gane cewa Ubangiji ba ya saɓa alkawarinsa ko mutane sun saɓa nasu.

Na ga irin wannan riƙon alkawari a gidan maƙwabciyata, wadda mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ita ke masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki, ta kwana tana masa fifita a zafin bazara. Da na ce, "Mama, sannu da ƙoƙari," sai ta ce, "A gaban Allah na ɗauki alkawari, ai."

Haƙurin nan bai shafi duka da zalunci ba; mai dukan matarsa shi ya karya alkawari. Masu jinya kuma suna bukatar mu kai musu ziyara, abinci da kuɗin magani.