Ladabin Aji a Makarantar Sakandare

Da yawa daga cikinku, ku masu karatun wannan ɗan littafi, kuna da 'ya'ya a makarantar sakandare. Wata rana yaro yakan komo gida ya ce an hore shi don ya yi magana a aji, ko don ya makara kaɗan. Uba kuwa sai mamaki ya kama shi, gama shi a makarantar allo ya tashi, inda kowa ke ɗaga murya da karatunsa, ba wanda ya ce laifi ne. To, ga dalilin bambancin.

A makarantar allo kowane almajiri da allonsa, da inda ya tsaya. Wanda ya zo a makare kansa kaɗai ya cuta, in ya zo malam ya biya masa nasa. Amma a aji allo ɗaya ne, darasi ɗaya, malami ɗaya, yara kuwa arba'in ko fiye. Galibi darasi minti 40 ne, da an kaɗa ƙararrawa malamin lissafi zai fita, na Turanci ya shigo. In yaro guda ya ta da surutu har malam ya tsaya minti 5 yana tsawata masa, ya cinye kashi ɗaya cikin takwas na darasin ke nan, ba nasa kaɗai ba, har da na dukan ajin. Daga nan dokokin suka fito: a zo kan lokaci, a yi shiru sa'ad da malam ke bayani, a ɗaga hannu kafin a yi tambaya.

Wannan tsari ya daɗe a ƙasar nan. Da shi Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1922, ta reni Ahmadu Bello na gidan sarautar Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Bauci, da Abubakar Imam, doka ɗaya ta hau kansu duka. Ita ce aka mayar Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, yau ana ce da ita Kwalejin Barewa.

Horo kuwa hawa hawa ne. Ƙaramin laifi tsawa ta ishe shi, ko a sa yaro shara ko yankan ciyawa bayan an tashi. In ya maimaita a aika wa ubansa. Dakatarwa da kora sai babban laifi, kamar sata ko ɗaga wa malami hannu, wannan kuma ba malamin aji ke yanke shi ba, sai an kai gaban shugaban makaranta. Monita aikinsa rubuta sunayen masu surutu. Shi ma ɗalibi ne, bai kamata ya taɓa jikin ɗan'uwansa ba.

Akwai wani abu da nake so ku riƙe da kyau. Laifi dabam, rashin ganewa dabam. Yaron da ya ƙi yin aikinsa don lalaci ya cancanci horo, amma wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa lissafi ya gagare shi, bulala ba za ta sa masa shi a ka ba. Sai dai ta koya masa ɓoye jahilcinsa, ya daina tambaya, ya koma kwafar aikin na kusa da shi. Wani ma idonsa ne ba ya hangen allo daga bayan aji, da an matso da shi gaba shi ke nan. Kwafa kuwa ba wasa ba ce: bisa dokar 1999, satar amsa a jarrabawa laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa a Nijeriya, ban da soke sakamako.

Saboda haka in ɗanka ya kawo ƙara, kada ka ɗaura ɗamarar faɗa, kada kuma ka ce a ƙara masa tun ba ka ji ba. Je ka makaranta, ka gai da malamin, ka tambaye shi a keɓe, ba a gaban yaron ba, wane laifi aka yi, sau nawa kuma. A ƙarshen zango yaro zai kawo takardar sakamako. Ƙarƙashin makin darussa akwai inda malamin aji ke rubuta halinsa. Da Turanci ake rubutawa, to, ka nemi wani, ban da yaron, ya fassara maka wannan wurin tun kafin ku duba maki.