Cimar Iyali da Ƙarfin Jiki a Bazarar Dakoro

Daga tsakiyar Maris har zuwa ruwan shuka, wanda a ƙasar Dakoro yakan kai ƙarshen Yuni ko ma cikin Yuli, gida yana fama da abu uku lokaci guda: zafin da ke wuce digiri 40, rumbun da ya yi ƙasa, da nonon da ya ja baya saboda ciyawa ta bushe. Maza da yawa suna wurin cin rani, tiyar gero tana ƙara kuɗi kowace kasuwa, ga kuma aikin da ya fi kowane nauyi a shekara, wato shuka da noman fari, yana tafe. Abin da iyali suka ci a watannin nan shi ke nuna wanda zai iya riƙe hauya a damina, da yaron da zai jure zazzaɓin cizon sauro idan ya zo.

Dakoro tana arewa da Maradi, a inda noma da kiwo suka haɗu, kusa da Kwarin Tarka da iyakar noma da dokar 1961 ta shata. Albarkar wannan haɗuwa ita ce fura da nono: gero daga manomi, nono daga makiyayi. Amma da bazara ta kankama, shanu sun rame ko sun yi nisa neman kiwo, sai fura ta koma farau-farau. Yaro ya sha cikinsa ya yi fam, uwa ta ɗauka ya ƙoshi, alhali ruwa ne ya fi yawa.

Mutanen yankin ba su manta 2005 ba, shekarar da ta biyo bayan fari da farin dango na 2004, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar jinyar tamowa a Dakoro. Wani abin da ya fito fili bayan nan shi ne, ko a shekarun da amfanin gona ya yi kyau, jihar Maradi, wadda ke cikin manyan masu noman hatsi a Nijar, ba ta daina kai yara asibitin tamowa ba. Ke nan tuwo kaɗai, ko da ya wadata, ba ya gina yaro. Maganar tana cikin miya, da kuma wanda hannunsa ke fara isa gare ta.

Gero abinci ne mai daraja, yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini fiye da farar shinkafa da taliyar da ake ɗauka cin gayu ne. Akwai ma irin da ake kira Chakti, wanda aka fitar a Nijar a 2018 bayan aikin cibiyoyin bincike na ICRISAT da INRAN, mai ƙarin wannan sinadari kuma mai saurin nuna. Abin da gero ya rasa, wake yana cike shi, shi ya sa ɗan wake ko dafa-dukan gero da wake ya fi tuwo da tsinkakkiyar miya amfani a jiki. Kuskuren da ake yawan yi shi ne sayar da wake kaf da kaka, lokacin da yake araha, sannan a nemi na ci da bazara a ga ya gagara. Gidan da ya ajiye ko da buhu guda cikin buhun nan mai leda biyu a ciki, ko cikin jarka mai toshe iska, ya yi wa kansa tanadi babba. Sai ƙuli-ƙuli, da daudawar batso, da cuku, da soyayyar fara wadda wasu 'yan boko ke rainawa ba gaira ba dalili: duk masu gina jiki ne. Akuya kuwa, musamman jar akuyar Maradi, tana ba da ɗan nono a lokacin da saniya ta kasa, kuma rabin kofi a cikin kunun yaro ba ƙaramin abu ba ne.

Ganye ma bai ƙare ba don ƙasa ta bushe. Akwai busasshiyar kuka, kuɓewa, yakuwa, tafasa da zogale, kuma wanda aka shanya a inuwa ya fi wanda rana ta ƙone riƙe amfaninsa. A daji akwai jiga da ganyen aduwa, ga magarya da goruba na lasawar yara. Anza ta ceci rayuka a shekarun yunwa, sai dai ba a cin 'ya'yanta sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. A nan ne sassaben zamani, wanda ya bazu daga jihar Maradi tun shekarun 1980, ya shafi tukunya kai tsaye: manomin da ya bar tohon itace a gonarsa da bazara ya bar wa gidansa ganyen miya da itacen girki.

Yaro daga wata 6 zuwa shekara 2 shi ne wanda bazara ta fi yi wa illa. Cikinsa ƙarami ne, ba zai iya kokawa da yayyensa a akushi ɗaya ba. A ware masa kwanonsa, a ba shi sau uku ko huɗu a yini bayan nonon uwa, kunun ya yi kauri ya tsaya a cokali, da garin gyaɗa ko na wake ko ɗan mai a ciki. Camfin nan na cewa ƙwai yana sa yaro sata ya daɗe yana yi wa yara ƙwange. A kai ƙwai kasuwa a sayo alewa da kuɗin, wannan ciniki ne na faɗuwa. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa, nonon uwa ya ishe shi ko a tsakiyar Afrilu. Kakanni sukan ce «ƙishi zai kashe shi», a ɗura masa ruwan randa, sai zawo ya biyo baya. Uwar ce za ta sha ruwa da yawa, ta yawaita ba shi mama. Idan zawo ya kama yaro, a nemi gishirin zawo da ƙwayar zinc a gidan likita. Kafin a samu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Manya su ma da nasu. Shayin da ake ɗorawa ana tsame hannu daga akushi yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe, gara a jinkirta shi kamar awa guda, musamman ga mai ciki. Lemun tsami da mangwaro, wanda bazara ce lokacinsa, suna taimaka wa jiki ya tsotse sinadarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya wuce giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa uku-uku a miya yawancinsa gishiri ne.

Batun motsa jiki yana buƙatar a bambance. Hukumar ta shawarci babba ya samu aƙalla minti 150 a mako, yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 kuma awa guda kullum. Matar ƙauye a Kornaka ko Birnin Lalle, wadda ta ja guga a rijiya mai zurfin gaba da yawa, ta yi surfe da daka, ta yo itace, ta cika wannan lissafi tun kafin mako ya raba. Ita abin da take buƙata hutu ne da rabo mai kyau daga tukunya, a rage mata aiki da kura ko injin niƙa, balle in tana da ciki ko goyo. Mai buƙatar shawarar shi ne mai shago, da ma'aikacin ofis, da wanda ko masallaci sai a kan babur, da uwargidan cikin gari da ba ta fita. A cikinsu hawan jini da ciwon sukari ke samun wurin zama. Tafiyar ƙafa ta rabin awa bayan asuba ta wadatar, a gida ma ana iya zagaya tsakar gida da hanzari.

Sassabe da kai taki a yi su da sanyin safiya, a ajiye aiki daga hantsi ya ɗaga har la'asar. Yara a bar su su yi langa, kokowa da ƙwallo da marece, su sha ruwa kafin da bayan wasa. Wanda jiri ya ɗebe shi a rana, jikinsa ya yi zafi ƙau ko ya fara sambatu, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a nufi asibiti. Haka zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, domin bazara ce lokacin sanƙarau.

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta sa duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocinta, kuma ana koya wa uwaye awon damtse da ɗan zaren nan mai launi uku. A auna yaro daga wata 6 zuwa shekara 5 sau ɗaya a mako har kaka. In ya faɗa rawaya, a je a nemi shawara. In ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, a kai shi ranar, kada a jira ranar kasuwa.