Motar da Ba Ta da Direba: Wa Tsoho Zai Kalla Kafin Ya Tsallaka?

A Fadan Kaje, kusa da Zonkwa a ƙaramar hukumar Zangon Kataf, tsallaka titi fahimtar juna ce tsakanin mutum biyu. Dattijo ya ɗaga hannu ko sandarsa, direba ya sassauta gudu, ya ƙyafta fitila ko ya yi masa nuni ya wuce. Motoci masu tuƙa kansu ba su iso nan ba, amma a birnin Phoenix na Amurka kamfanin Waymo ya fara ɗaukar jama'a babu kowa a kujerar direba tun 2020. A can babu idon da tsoho zai kalla.

Shi ya sa masu ƙera motoci ke neman yadda mota za ta bayyana nufinta ga na waje. A 2018 kamfanin Drive.ai ya liƙa wa motocinsa a jihar Texas allunan da ke rubuta cewa mota tana jiran mutum ya tsallaka. A shekarar kuma Jaguar Land Rover ya gwada manyan idanu na lantarki masu bin mai tafiya da kallo. A 2023 jihohin Kalifoniya da Nevada suka amince wa Mercedes-Benz yin amfani da fitila mai launi tsakanin shuɗi da kore, alamar cewa na'ura ce ke tuƙi.

Tsofaffi ne ma'aunin waɗannan alamu. Yanar ido da hasken fitilun dare suna dagula launi, kunne ya yi nauyi, ƙafa ba ta da saurin da. Tsoho kuma bai cika iya juyawa da gudu ba idan ya yi kuskuren lissafi, kuma bugun da matashi zai warke daga gare shi yana iya zama ajalinsa. Rubutu ma matsala ce: da wane harshe za a yi shi a Fadan Kaje ta ƙasar Bajju, inda ake jin Jju da Hausa da Turanci, kuma ba kowace tsohuwa ce ta yi boko ba?

Gwaje-gwaje sun nuna masu tafiya a ƙasa sun fi dogara da ganin mota ta rage gudu a kan kowace alama. Wannan dabara ce mai kyau, bai kamata fitila ta raba tsofaffi da ita ba. Yarda fiye da kima ta fi rashin yarda haɗari, domin alamar motar na magana ne a kan ita kaɗai. Ba ta san ɗan acaɓan da zai kutso ta gefenta ba, ko tirelar da ke zuwa ta ɗaya hannun.