Gargaɗi ga Iyaye: Ba Kowane Shirin Iyali Ne Na Yara Ba

Iyaye maza da mata, idan an kunna talabijin bayan sallar isha'i, ku waiga ku ga wanda ke zaune a bakin tabarma. Da yawa daga cikin shirye-shiryen da muke kira na iyali, masu dogon zango da sarƙaƙƙen labari, suna cutar da ƙananan yaranmu, mu kuwa muna can muna jiran kashi na gaba.

'Yar ƙanwata shekararta 6. Kwanan baya ta koma fitsarin kwance, abin da ta daina tun tuni. Da magariba ta yi ba ta yarda ta ratsa tsakar gida, wai igiyar gugan da ke naɗe a bakin rijiya tana motsi. Har an fara zancen iska, ana shawarar inda za a karɓo rubutu. Kakarta ce ta ɗora ta a cinya ta ce, "Kishiyata, faɗa mini abin da kika gani." Yarinya ta ɓoye fuska ta ce, "Hajiya, matar nan ce mai zama maciji." Wani shirin Indiya ne mai fassarar Hausa da duk gidan ke kallo kowane dare, ba wanda ya taɓa tunanin akwai mai jin tsoro a ɗakin.

Farfesa Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin a Amurka ta daɗe tana binciken abin da ke firgita yara a talabijin, har ta fitar da littafi a kai a 1998. Ta gano cewa yaron da bai kai shekara 8 ba, kamannin abu ne ke razana shi, musamman idan mutum ya rikiɗe a gaban idonsa. A shirin The Incredible Hulk, inda mutumin kirki ke komawa ƙaton koren dodo, manyan yara sun gane taimako ya zo yi, ƙanana kuwa lokacin ne tsoronsu ya fi tsanani. Haka kuma ce wa ƙaramin yaro "ai ƙarya ce, fim ne" ba ya amfana masa sosai, domin bai gama rabe gaskiya da wasan kwaikwayo ba. Abin da ke kwantar masa da hankali shi ne a rungume shi, a ɗauke shi daga wurin.

Akwai wata illar da ta fi damuna, wato yadda ake yanke labari ana tsakiyar haɗari. A Ingila, BBC ta fara shirin Doctor Who a 1963, ana nuna shi da yammacin Asabar don iyali. A 1976 wani kashi ya ƙare an danne kan jarumin cikin ruwa, aka tsayar da hoton a haka. Wata mata mai suna Mary Whitehouse ta kai kuka cewa yara za su yi mako guda da wannan hoto a zuciya ba su san ko ya tsira ba. Shugaban BBC na lokacin, Charles Curran, ya ba da haƙuri, aka kuma datse wurin. Namu shirye-shiryen kusan kullum haka suke ƙarewa, daga nan sai a ce wa yaro ya je ya kwanta cikin duhu.

Wani zai ce mu ma da tatsuniyar Dodo aka rene mu. Gaskiya ne, amma kaka ce ke bayarwa, tana kallon fuskarka. In ta ga ka tsure sai ta sassauta murya, ta sako Gizo a yi dariya, kuma ba a tashi sai an ga ƙarshen Dodo an yi ƙurunƙus. Talabijin ba ya ganin fuskar ɗanka.

Manyan yara su ma kada a sake da su. Ɗan shekara 10 ya wuce tsoron dodo, abin da ke hana shi barci shi ne abin da zai iya faruwa da gaske. A ƙasar da yake jin labarin satar mutane a makaranta da masallaci, fim ɗin da aka sace yaro a ciki ba nishaɗi ba ne a wurinsa. Irin wannan sai da babba a gefe, a kalla tare, a tattauna kafin a tashi.

Hukumar tace fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1993, tana sa wa fim alamar shekaru irin su 12 da 15 da 18, tashoshin tauraron ɗan'adam ma suna nuna tasu, kuma dikoda tana da lambar sirri ta kulle shiri. Amma abin da ake turawa a waya a shagon bakin titi yawanci ba ya zuwa da wata alama, kai ne mai tacewa.

Don Allah, daga daren yau, kada ɗan ƙasa da shekara 8 ya zauna gaban shirin da ba ku riga kun kalla ba. Ku bari sai sun yi barci. In kuma yaro ya fara firgita cikin dare ko ya ƙi shiga banɗaki shi kaɗai, ku yi masa addu'a, sannan ku zaunar da shi ku tambaye shi abin da ya gani.