Maganganun da Ake Yi Kan Koyon Turanci a Gwandu da Kalgo: Wace Ce Gaskiya, Wace Ce Shaci-Faɗi?

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, mazauninta na dindindin kuma ya kasance a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, maganar kiredit a Turanci ta shiga gidajen da a da ba ruwansu da ita. Ga jami'a a bakin ƙofa, ga yaro ya gama sakandare, amma takarda ɗaya ta tsaya masa a maƙogwaro. Inda buƙata ta yi yawa kuwa, nan masu ba da shawara suke yawaita. A majalisa, a tasha, a zaurukan WhatsApp, kowa da tasa fatawar kan yadda ake samun Turanci. Wasu maganganun gaskiya ne, wasu rabin gaskiya, wasu kuma sun daɗe suna cutar yara ba a sani ba.

Mu fara da wadda babu gardama a kanta. Masu cewa Turanci ba shi da makawa sun faɗi daidai. A jarrabawar JAMB kowa yana ɗaukar darussa huɗu, kuma ko Hausa zai karanta a jami'a, ko Larabci, ko likitanci, ɗaya daga cikin huɗun nan dole Turanci ne. Tambayoyinsa 60, alhali sauran darussan 40 kowanne. Gaskiya ne kuma akwai littafin labari da hukumar take sanyawa a karanta: an yi shekaru ana The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, a 2025 aka koma The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba. Abin da ba gaskiya ba shi ne cewa wanda ya haddace taƙaitaccen bayanin littafin da ake turawa a waya ya gama da Turancin JAMB. Tambayoyin littafin kaɗan ne daga cikin sittin ɗin. Sauran auna fahimta ne, da cike gurbi, da ma'anar kalmomi, da nahawu, da furuci, kuma waɗannan ba a fafe gorarsu ranar tafiya.

Maganar da ta fi kowace yaɗuwa, wadda kuma ta fi ɓarna, ita ce wai Hausa ce take kashe wa yaro Turanci. A kanta aka gina dokar hana "banakula": monita ya rubuta sunan wanda ya yi Hausa a aji, a ci shi tara ko a zane shi. A kanta kuma wasu iyaye suke murna idan ɗansu na firamare bai iya karanta Hausa ba, a ganinsu alamar makaranta mai kyau ke nan.

Mutumin Gwandu bai kamata ya ruɗu da wannan ba, domin amsar tana garinsu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829 kabarinsa kuma yake nan Gwandu, ba da Larabci ya buɗe baki ba. Amma ya kai ga wallafa Bahrul Muhiɗ a nahawun Larabci da Hisnur Rasin a sarfu, ban da tafsirinsa Liya'ut Tawili. A Ida'un Nusukh ya jera malamansa da littattafan da ya karanta, kuma duk wanda ya duba zai ga nahawu da waƙoƙin Larabawa suna tafe kafaɗa da kafaɗa. Har yau haka ake yi a zaure: almajiri ya ja baƙi, malam ya fassara masa gaɓa-gaɓa da Hausa ko Fillanci, daga Ajurumiya zuwa Ishiriniya har Muƙama. Ba a taɓa cin wani tara don ya yi Hausa a gaban malam ba, kuma wannan hanyar ce ta fitar da mutanen da suke rubuta ƙasida da Larabci. Harshen gida shi ne tsanin da aka taka.

A ɓangaren boko ma haka tarihin yake. Makarantun elemantare na Arewa da Hausa suke koyarwa a zamanin Turawa, sai a midil Turanci yake karɓar ragama. Daga irin wannan tsarin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito ya shiga Kwalejin Katsina. Shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa, kuma shi ne wanda Turancinsa ya yi suna har a majalisun duniya. An kuma gwada abin a fili a ƙasar Yarabawa. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara dukan darussan firamare da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci kuwa a matsayin darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: iya haɗa baƙi da wasali a fitar da ma'ana sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa, kuma ya fi saurin shiga da harshen da yaro yake ji. Wannan tunanin ne ya haifar da littattafan Mu Karanta! da aka yi amfani da su a firamaren jihohin Sakkwato da Bauchi.

Sai dai akwai ƙwayar gaskiya a cikin jita-jitar, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Yaran Ife ƙwararrun malaman Turanci aka ba su, 'yan Kwalejin Katsina kuwa zaɓaɓɓu ne ƙalilan. Yaron da darasin Turancinsa bai wuce malam ya rubuta ma'anar suna da aikatau a allo a kwafa ba, bai ji ana magana da harshen ba, bai buɗe baki ya yi ba, babu littafin labari ko ɗaya a ajinsu, wannan ba zai iya Turanci ba. Amma ba Hausar da yake yi a gida ce ta hana shi ba. Ƙarancin Turancin da yake gamuwa da shi ne. Bulalar banakula kuwa ba ta ƙara masa kalma ko ɗaya. Shiru kawai take koya masa.

Nan ne wata maganar ta shigo, wai gwamnati ta haramta Hausa a makarantu. Abin da ya faru shi ne, a ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare, sai a Nuwamba 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke ta da komawa ga Turanci a matsayin harshen koyarwa. Maganar harshen da ake koyar da lissafi da kimiyya ce. Hausa a matsayin darasi tana nan, ana rubuta ta a WAEC da NECO da JAMB. A nawa ganin sokewar ba ta taɓa ainihin ciwon ba, domin yaron da aka yi wa bayanin lissafi da harshen da bai fahimta ba ya yi asarar lissafin, Turancin ma bai samu ba. Ko ma mene ne, babu wanda ya hana uwa ko uba koya wa ɗansu karanta Hausa a gida.

Sai masu cewa a haddace ƙamus. Akan ga saurayi da littafin rubutu cike da manyan kalmomi, yana tilawarsu daga harafin farko. Niyyar mai kyau ce, lissafin ne bai fita ba. Kalmomi ba darajarsu ɗaya ba. Tun 1953 Michael West ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 da suka fi yawo a Turanci, kuma su kaɗai suna ɗauke da kimanin kashi 80 cikin ɗari na rubutun yau da kullum. Paul Nation na ƙasar New Zealand ya nuna a 2006 cewa kafin mutum ya karanta jarida ko littafin labari ba tare da taimako ba, sai ya san kusan kashi 98 na kalmomin shafin, abin da yake buƙatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Wato hanya tana da tsawo, amma tana da farko: dubu biyun nan da ake rainawa. Wanda ya tsallake su ya tafi farautar kalmomin da ko Bature sai ya duba ƙamus, ya fara gini daga rufi.

Ita kuma kalma ba ta zama a kai da gamuwa ɗaya. Sai an yi ta cin karo da ita a jimloli daban-daban, kuma karatu mai yawa ne kaɗai yake ba da wannan. A tsibirin Fiji, Warwick Elley da Francis Mangubhai sun zuba littattafan labari kimanin 250 a azuzuwan wasu makarantun ƙauye da Turanci ba harshen yaransu ba ne. Bayan wata takwas, ci gaban yaran a fahimtar karatu ya ninka na azuzuwan da suka tsaya kan atisayen da aka saba. An buga sakamakon a 1983. Sharaɗin shi ne littafin ya yi sauƙi. Idan shafi ɗaya yana da kalmomi fiye da biyar ko shida da ba ka sani ba, ajiye shi ka nemi na ƙasa da shi, ko da na 'yan firamare ne. Babu abin kunya a ciki. Ƙamus, ko na Oxford ko na Turanci da Hausa irin na Neil Skinner, abokin tambaya ne a lokacin karatu.

Daga haddar ƙamus ne aka samu imanin cewa manyan kalmomi su ne suke burge mai duba takarda. Tsarin maki na WAEC ya ƙaryata wannan. Insha'i maki 50 ne: 10 ga abin da aka faɗa, 10 ga tsari, 20 ga iya sarrafa harshe, 10 ga ƙa'idojin rubutu. A wannan goman na ƙarshe kowane kuskure rabin maki yake ci, saboda haka kurakurai ashirin sun share shi. Mai jefa kalmar da bai san mazauninta ba yana asara sau biyu. A sashen taƙaitawa, mai maki 30, wanda ya kwafo jimlolin marubuci kai tsaye shi ma ya yi asara, domin abin da ake nema shi ne ka faɗi ma'anar da naka bakin.

To nahawu fa? Wasu sun ce littafin Brighter Grammar ya isa, wasu sun ce nahawu ɓata lokaci ne. Duka biyun sun zarce. Abin da ya fi amfani shi ne a san wuraren da Bahaushe yake yawan tuntuɓe, da dalilinsu. A Hausa lokaci yana kan wakilin suna: na tafi, ina tafiya, zan tafi, nakan tafi. A Turanci aikatau ne da kansa yake sauya kama, "go" ya koma "went", ko a liƙa masa "ed" ko "s" a wutsiya, kuma wutsiyar nan ce yaranmu suke yawan yarwa. Haka kuma mota da makaranta mata ne a Hausa, sai yaro ya ce musu "she". Amma Bahaushe yana da riba a nan, domin ya zo da bambancin shi da ita tun daga gida, abin da Yarabanci ba shi da shi a wakilin suna. Malamin da ya san Hausa ya kuma yi amfani da ita zai warware waɗannan cikin ɗan lokaci.

Akwai kuma tsoron wai a jarrabawar furuci za a saurari bakinka a ji ko ka yi kamar Bature. A WAEC ta Nijeriya ba a magana a wannan takardar. Tambayoyi 60 ne na zaɓi, kan wasula da baƙaƙe da amsa-amo da inda nauyin kalma yake faɗawa. Gaskiya ne "p" da "f" suna ba mu wahala, balle a nan yamma inda fari yake zama hwari. Gaskiya ne kuma wasulan Turancin Ingila sun kai ashirin, namu kuwa biyar ne masu gajere da dogo da 'yan tagwaye. Amma wanda ya koyi alamomin furucin da ƙamus yake sanyawa a gaban kowace kalma zai ci takardar ko da harshensa bai sauya ba.

Maganar wai babba ba ya koyon Turanci ba ta buƙatar dogon bayani. Lafazi ya fi kama bakin yaro, wannan haka yake. Kalmomi da karatu kuwa ba su da iyakar shekaru. Fataken albasar Aliero da suke sauke kaya a Legas suna dawowa da Yarabanci da buroka da gemunsu, masu ratsa Kamba kuma da Zabarmanci. Buroka dai harshe ne mai nasa tsarin, yana biyan buƙata a kasuwa, amma mai duba takardar WAEC kuskure yake lissafa shi. Fina-finai da bidiyon waya suna gyara kunne, musamman idan an kunna rubutun Turanci a ƙasa; ba sa koyar da rubuta wasiƙa. Wanda ya yi maka alkawarin Turanci cikin kwana talatin kuwa, kuɗinka ya hango.

Saura masu cewa a bar wahala, a kai yaro cibiyar da ake ba da amsa a samo kiredit. Ban da haɗarin a riƙe sakamako ko a soke shi, kiredit ɗin ba ya raka mai shi ko'ina. JAMB a gaban kwamfuta ake yin ta, kowa da nasa allon. Wanda ya tsallake ta ya shiga jami'a, a Kalgo ko a Aliero, zai tarar da darasin Turanci na gama-gari yana jiran kowane ɗan ajin farko, kuma laccar fanninsa da littattafan da tambayoyin jarrabawa galibi da Turancin za su zo masa har ya gama.