Duwatsun Abzin: baƙi sun ɗauke ƙafa

Ɗan kasuwar Maraɗi ko na Damagaram ya san Abzin da albasa da lemu, amma kaɗan ne suka taɓa taka duwatsunsa. A can ne, arewa da Agadas, gwamnati ta keɓe gandun Ayar da Tenere a 1988, fili mai faɗin hekta miliyan 7 da dubu 700. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kayan gadon duniya a 1991. A 1992 kuma, saboda tawaye, ya shiga jerin waɗanda ke cikin haɗari.

A da, daga Iferwan masu yawon buɗe ido kan kama hanyar duwatsun Tamgak da ƙafa, raƙuma na ɗauke da ruwa da guzuri. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ake zuwa, kuma wanda ya manta bargo zai raina kansa da dare. A Timiya, can kudu, ruwa na gangarowa daga dutse kusa da garake na lemu da rumman da dabino. Ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar, Idukal-n-Tagas mai mita 2022, tana Bagzan, a wajen gandun.

Tawaye na biyu, daga 2007 zuwa 2009, shi ya karya sana'ar. Turawa suka daina zuwa, ƴan jagora da maƙeran azurfa suka rasa ciniki. Daga 2014 wasunsu suka koma haƙar zinari. Ma'aikata da attajiran kudu, waɗanda ya kamata su cike gurbin, har yanzu wucewa kawai suke yi zuwa Arlit.